Yadda Kawu Ya Gyara Mini Babur

Babur ɗin na wani mutumin Italiya ne da ya zo aikin gada a kan hanyar da ta ratsa Birnin Gwari ta yi kudu. Da aiki ya ƙare ya tattara komatsansa ya tafi, ya bar babur ɗin a bayan ofishin gandun daji don injin ya kafe. Damina da yawa ta sauka a kansa a wurin. Ranar da na fara ganinsa kaza na kwanci a ƙarƙashinsa, zanzaro ya yi gini a cikin salansa, ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin ƙafar baya. Malamin daji ya ce in ɗauka, har ya yi mini godiya, don yana son wurin ya shanya barkono.

A lokacin ban daɗe da barin gidan rediyo a Kaduna ba, inda aka koya mini fassara labarai da karanta su. An dawo da ni gida ina aikin yaɗa labarai, wato ina bin motar majigi ƙauye ƙauye ina gaya wa manoma abin da suka riga suka sani game da taki. Aikin yana barin lokaci mai yawa, ni kuwa na zuba shi duka a kan wannan gawa.

Buri ɗaya gare ni, in mayar da shi daidai yadda ya fito daga hannun maƙeransa, ba ƙari ba ragi. Na kwance shi ƙusa ƙusa a ɗakin da ke gefen zaurenmu, na jera kayan a kan tabarma bisa tsarin da na ciro su. Na jiƙa fistin da kananzir har ya yarda ya motsa. Na wanke kafireto da gashin kaza. Ringin fistin sai da wani direban tanka ya samo mini daga Ikko, ya kawo shi naɗe cikin hularsa. Fentin tanki ja ne mai duhu, irin jan zoɓo, ban taɓa shi da komai ba sai tsumma da haƙuri, har ya dawo yana nuna fuskar mutum. Duk notin da na ga ba na asali ba ne na cire shi na jira na asali.

Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk mai ɗaukar biro a garin ya sayi ɗan ƙaramin babur na Japan. Su suna hawa, ni ina goge ƙarfe. Masu wucewa sukan leƙo su yi mini sannu da murya irin ta gaida majinyaci.

Ranar da injin ya tashi, ya tashi da wata murya mai kauri, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana daka a babban turmi. Na bi hanyar Gwaska da shi da hantsi, ƙarshen damina, ciyawa ta fi tsayin mutum. Na ratsa cikin doka da kaɗanya, na kori wani garken gwaggon biri daga kan hanya, na wuce matan Gbagyi da itace a kafaɗa, suka tsaya suna kallo. A kan yashi ba ya rawa, a hawa ba ya nishi. Ban taɓa gaya wa kowa irin daɗin da na ji ba, don a garinmu wanda ya ce ƙarfe ya faranta masa rai sai a fara nema masa rubutu ya sha.

A nan akwai bayani ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe. Babur ɗan Japan giyarsa tana ƙafar hagu, birkin baya yana ƙafar dama. Nawa kuwa giya a dama take, birki a hagu. Haka aka ƙera shi a ƙasarsu, haka na same shi, haka na mayar da shi. Wanda ƙafarsa ta saba da na Japan, in ya hau nawa ya nemi birki, giya zai taka.

Sai kuma bayani na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. A garinmu mai babur ajiya aka ba shi. Maƙwabci yana aro, abokin wa yana aro, babba kuwa ba ya ma aro, sanarwa yake yi.

Kawu, wan mahaifiyata, tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi ne, yana da nasa ɗan Japan da ya daɗe a jingine yana jiran taya. Ran wata Juma'a bayan la'asar ya zo ƙofar gidanmu, dattawa na zaune a kan dakali, ya zagaya babur ɗin yana dannan siti da yatsa kamar mai taya rago.

"Malam Rediyo," in ji shi, haka yake kirana, "gobe zan je suna Randagi. A duba mai."

Na durƙusa. "To, Kawu. Sai dai akwai 'yar magana a kan ƙafafunsa."

"Ƙafa biyu ba? Ko naka uku gare shi?"

Dattawa suka yi dariya, na taya su kaɗan yadda ya kamata.

"Giyar ce, Kawu, ba kamar ta sauran…"

"Ji ɗan nan. Ina hawan babur kana tsotson yatsa. Labarun duniya ne za ka karanta mini? To mun ji, a sa mana kiɗa."

Yaro ba ya koya wa kawunsa abu a gaban mutane. Wannan ba a rubuce yake ba, shi ya sa ba a karya shi. Na shiga gida wurin Inna in ga ko za ta isar da saƙon ta hanyar da ba za ta zama koyarwa ba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Hana shi kake so ka yi, kake kewaye-kewaye."

"Inna, ba hani ba ne. Birkin ne a hagu."

"To ya taka hagun. Mutumin da ya yanka ragon sunanka bai san hagu ba?"

Da safe na yi dabara ta ƙarshe. Kafin in miƙa masa, na ce bari in ɗumama injin, na zagaya fili a gabansa ina ɗaga ƙafar hagu sama ina sauke ta a kan birki da ƙarfi, yadda ko makaho zai lura. Kawu ya lura. Ya ce wa na kusa da shi hawana ba kyau, ina yi kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ya tattare babbar riga, ya hau, ya lalubo giya da sa'a, ya tafi. Ni ma a ranar motar majigi ta kwashe ni zuwa ƙauyukan wajen Kutemeshi, inda na kwana da yawa ina nuna wa jama'a hoton buhun taki, hankalina yana Randagi.

Abin da ya faru na tattara shi daga baya daga majiyoyi daban-daban, kamar yadda aka koya mini. A gangaren wani rafi, shanu suna tsallaka hanya. Kawu ya taka dama da iyakar ƙarfinsa. Babur ya yi tsalle ya ƙara gaba. Ya sake takawa, don a ganinsa birkin ne bai ji ba. Shanu suka dare, Kawu ya wuce ta tsakiyarsu ya sauka cikin laka, shi gefe, babur gefe, hula gaba. Makiyayin da ya ciro shi ya ce bai ji ciwo ba, sai dai ya yi ta salati da faɗa a haɗe. Majiyar Kawu kuwa ta ce shi ya zaɓi lakar da gangan don ya ceci wani maraƙi.

Da labarin ya iso mini a ƙauye, da na tabbatar Kawu lafiya lau yake, sai na ji wani sanyi a raina. Laka wankuwa take. Kuma daga yau, na ce, ba mai sake zuwa aron babur ɗin da ya kayar da Kawu. Na dawo gida kusan da fara'a.

Na tarar da taro a ƙofar gida. Dattawan dakali suna nan, Kawu yana tsakiya, kusa da shi mai waldan tasha, wanda ke ɗinke sifirin ɗin manyan motoci, yana tsaye da hannu a baya kamar mai jiran lambar yabo. A gabansu akwai wani abu da aka lulluɓe da zane.

"Yauwa, ga shi nan," in ji Kawu. "Zo, ɗan nan. Kada ka ji kunya, kowa yana kuskure. Na gaya musu kada wanda ya yi maka dariya. Ka yi ƙoƙari, ka tada mataccen inji. Wurin haɗawa ne ka juya ƙafafun."

Aka yaye zanen.

An yanke abin taka giya daga dama, an yanke na birki daga hagu. An ratsa rodi biyu ta ƙarƙashin injin, ɗaya ya ɗauko giya ya kawo hagu, ɗaya ya kai birki dama, an like su da walda mai kauri kamar tuwon da ya kwana. Don rodin ya sami hanya an fasa murfin gefen injin. A baya an kafa kariya ta ɗora kaya, na gane ta, kan gadon ƙarfe ne. Tankin ya ɗan kuje a faɗuwar, saboda haka an rufe shi gaba ɗaya da koren fenti irin na ƙofar shago, har da sawun burushi.

"Malam," in ji mai walda, "wallahi duk wanda ya haɗa maka wannan ya cuce ka. Da ka kashe kanka a banza."

Na ce, "Ni na haɗa."

"Af. To Allah ya kiyaye gaba."

"Haka suke yin sa a can," na ce, a hankali, ina kallon ƙasa. "A Italiya giya a dama take."

"A Italiya," in ji Kawu, ya juya ga dattawa. "Gwamnati da kanta ta sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, manyan motoci suka bi, tireloli suka bi. Babur ɗinsa ne kaɗai zai ce shi sai yadda aka yi a Italiya."

Wani dattijo ya ce ai shi ya sa Baturen ya gudu ya bar shi. Wani ya ce irin wannan kawu sai an tona, da wani ne da ya dawo da babur ɗin da lakarsa ya jingine ya tafi. Na tambayi mai walda guntayen da ya yanke, ko suna nan. Ya ce ɗaya ya yi wa wata amalanke maƙalli da shi, ɗayan bai san inda ya faɗa ba.

Inna tana tsaye daga cikin zaure, inda maza ba sa ganinta, ni ina ganinta. Ta dube ni, ta dubi ƙasan da ke gaban Kawu.

Na cire takalmi na durƙusa. Na yi godiya da Hausa mai tsabta, kowane harafi a wurinsa, da muryar da nake karanta sanarwar rasuwa. Na gode masa da ɗawainiya, na gode da rufin asiri, na roƙi Allah ya bar zumunci. Dattawa suka ce amin, suka yaba tarbiyyata. Kawu ya ce ba komai, ai ɗa na kowa ne balle nasa.

Tun daga ranar babur ɗin ya zama na jama'a sosai, tunda yanzu kowa ya iya shi. Ya kai amarya, ya kai mai naƙuda, ya kai akuya kasuwa a ɗaure a kan gadon ƙarfe. Birkin, da yake saƙon sai ya bi ta rodi, yakan ɗan yi tunani kafin ya kama, amma masu aro suka ce haka ya fi, ba ya fizgar mutum. Ni kaɗai ne a garin ban iya shi ba. Ƙafata ta riga ta koyi na Italiya, in na nemi birki sai in taka giya. Na gwada kaɗan, na shiga cikin danga sau ɗaya, na koma kan kekena.

Wata ranar kasuwa keken ya yi faci a hanyar Kutemeshi, ina tura shi cikin rana. Na ji muryar tun daga nesa, ba wani injin da ke da ita a ƙasar nan. Kawu ne, da buhun dawa a kan kariya da kaji a rataye a kan madubi. Ya taka birki daidai inda nake, babur ya tsaya can gaba wajen wata ɗorawa. Ya yafito ni.

"Bar keken a gidan Sarkin Noma, hau in rage maka hanya."

Na ajiye keken na hau kan buhun, gwiwoyina a kafaɗarsa. Muka kama hanya. A ƙarƙashin muryar injin akwai wata sabuwar ƙara, siririya, ƙarfe yana cin ƙarfe, daga wajen murfin da aka fasa. Ƙasa ce take shiga. Na san abin da take ci, na san kuma babu irinsa daga nan har Ikko.

Kawu ya waiwayo, iska na cika masa riga, ya ɗaga murya.

"Malam Rediyo! Kana jin yadda yake tafiya yanzu?"

Na ce, "Ina ji, Kawu."