Bututun da Malama Santsi Ba Ta Gani Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran malamarmu, farfesar kimiyyar roba da muke kira Malama Santsi a bayan idonta, har ta ji, ta ce sunan ya yi mata. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malama, kin ƙarar da rayuwarki kan abin da mutane ba su ɗauka a bakin komai ba: yadda narkakkiyar roba, idan an haɗa iri biyu, take zamewa a jikin ƙarfen da ake tura ta ciki. Mijinki yakan yi miki tsiya, wai matan mutane na sa a yi santi, ke kuwa santsi kika sa gaba. Sai ki ce, "Amma dai ba ka taɓa rage kwano ba."

Ni ɗalibinki ne, yanzu injiniya a masana'antar bututun ruwa. Bara muka fara haɗa tsohuwar roba da sabuwa, bututu ya riƙa fitowa da kaushi kamar bayan kada. Mai masana'anta ya ce zai rufe sashen, ma'aikata da matan da ke tsinto mana roba kowa ya kama gabansa. Na zo miki jiki a sanyaye, na tarar ciwo ya ci ki. Duk da haka kika sa 'yarki ta kawo ki masana'antar, kika zauna kusa da injin, zafi na dukan fuskarki, kika shafa bututun.

"Ɗana, ba laifin santsi ba ne," kika ce. "Robar ce ba ta tsayawa kan magana ɗaya, yanzu ta kama ƙarfe, an jima ta saki. Cikin robobin biyu, ɗan ƙara wadda ta fi ruwa-ruwa, ita za ta fita gefe ta shafe ƙarfen, sauran su wuce lafiya."

Muka yi ta gwaji muna shan ƙasa. Ranar Alhamis, kwana biyu bayan mun binne ki, bututu ya fito sumul, aka fasa rufe sashen. Na zaro waya cikin murna zan kira ki. Sai da na ga sunanki na tuna, na zauna a ƙasa ina kuka, ma'aikata na ta sowa a bayana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ladan gidajen da ba su daina ɗora tukunya ba ya iske ki. Ga Baba mijinki da 'ya'yanki ina miƙa ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.