Jemar Bayan Ɗakin Inna

Abu na farko da na lura da shi da muka sauka daga babur shi ne babu tsamiyar bayan gidan Inna. Bara a inuwarta na yi wanke-wanke. Yanzu sarari ne kawai, sai ƙarar ruwa daga can ƙasa. Na ga Baba ma wajen yake kallo.

Amma bari in faro muku daga gida. Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da Baba, a farkon damina. Inna mahaifiyarsa ce, tana zaune a wani ƙauyen bakin kogi a ƙasar Gwaram, kuma duk shekara sai kogin ya gutsiri gaɓarsa. Ina ɗaura ɗankwali na ji Baba yana gaya wa Umma cewa in ya tarar gaɓar ta ƙara matsowa, ƙafarsa ƙafar Inna zai dawo. Ni kuwa na san ba za ta so ba. Ko kwana biyu ta yi a gidanmu sai ta fara rama, ta ce garinmu ba a jin kukan tsuntsu sai na injin markaɗe.

Duk sammakonmu, mota ba ta cika ba sai da hantsi. Kuɗin mota ya sake hawa, har wani dattijo ya ce wa direba in dai haka ne a ba shi sitiyari ya ɗan taɓa, tunda ya sayi rabin motar. Matar da ke kusa da ni ta ɗora kaza a cinya, kazar ta ƙura mini ido har muka bar duwatsun garinmu a baya. Gero ya fito kore shar a gonaki, 'yan mata masu tallar nono suna tafe a gefen kwalta. Amma ni kwalbatoci nake dubawa. Duk wadda muka haye, ruwan ƙarƙashinta jajir yake kamar kunun kanwa, na san ƙasar wani ce yake ɗauke da ita. A Gwaram Baba ya saya mini gurasa mai ƙuli, na riƙe ta a leda har ta yi gumi ban ci ba. Daga nan muka hau babur, hanya duk taɓo.

Bayan an gaisa, Baffa, ƙanen Baba, ya ja mu ya nuna mana aikin da mutanen unguwar suka sa gaba. Jema suke reno, ciyawar nan da ake zana da ita. Suna tsaga tushe ɗaya gida-gida, su datse ganyen, su tsoma gindin a damammen kashin shanu, sannan su dasa kowanne a tsohuwar ledar fiyawata, su jera a inuwar mangwaro. In ya kama sai a kai bakin gaɓa a dasa layi-layi, kusa da kusa. Baffa ya ce saiwarta ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nutsawa, ta saƙe kamar taru ta riƙe gaɓar.

Sai na tuna wani hoton bidiyo da malamarmu ta taɓa nuna mana a waya. Wasu mutanen bakin teku ne suke renon murjani a cikin ruwa, ƙanana-ƙanana ɗaure a igiya. In ya girma su liƙa shi inda na da ya mutu, don igiyar ruwa ta karye a kansa kafin ta iso gidajensu. A lokacin na ɗauka labarin nesa ne. Na so in gaya wa Baffa, kunya ta hana ni.

Layukan maƙwabta sun yi kyau, sun haɗe kamar shinge. Na bayan ɗakin Inna ne duk giɓi, tushe da yawa sun yi rawaya sun bushe. Tsakanin bangon ɗakin da bakin gaɓar bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, kuma ƙasar wurin ta tsage.

"Gafiya ce," in ji Baffa. "Na ɗana tarko har na gaji. Wannan gafiyar ta yi karatu."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in marka ta zo ta sami layin nan haka, ɗakin ba zai kai kaka ba.

Da suka tafi masallaci na tsuguna na duba. Na taɓa ganin ramin gafiya, watsa ƙasa take yi ta bar ta. Nan kuwa an mayar da ƙasar an daddanna, har ana ganin shatin yatsu. Na ja wani busasshen tushe, ya biyo hannuna ba wuya. An yanke saiwarsa ƙat, yankan wuƙa.

Ina shiga gida Inna ta ce in sha ruwa, leɓena ya bushe. Na buɗe randa, wani ƙamshi mai sanyi ya bugi hancina. Na leƙa. A ƙasan ruwan akwai ɗan ƙullin saiwa fara, sabuwa, an ɗaure da kaba. Saiwar jema ce.

Na ajiye moɗa na juya wajenta.

"Inna, jemar bayan ɗaki ce wannan?"

"To ta gidan wa za ta zama? Da can fadama nake zuwa in tono, kogi ya cinye fadamar, ƙafa kuma ta ƙi. Sai ga ta an kawo mini har ƙofa."

"Ai saiwar ce take riƙe ɗakin."

"Ji 'yar boko. Ina mayar musu da abarsu fa, har ruwa nake ba ta. Kan nan ba shi ne ciyawar ba?"

Na ce mata in babu saiwa mutuwa take yi. Ta gyara bakin zane. Can ta ce tun tana amarya ba ta taɓa shan ruwan da babu jema ba, marigayi Malam, kakana, ma haka, ruwa salam ba ya wuce mata maƙogwaro. Sannan ta dube ni ta gefen ido.

"Sai ki je ki gaya wa ubanki, ya ɗaure ni a bayan babur kamar buhu."

Ban gaya masa ba. Da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai ƙarfi. Muna zaune a ɗakin muka ji wani tim daga bayan gida, kamar an yar da buhun dawa. Baffa ya leƙa ya dawo ya ce gaɓar can gaba ce, ba tamu ba. Inna ta ci gaba da jan carbi. Tuwon dawa da miyar kuka aka yi, har da man shanu, loma kaɗan na iya.

Washegari da safe muka cike giɓin da sabbin tushe daga inuwar mangwaro. Ni nake tsomawa a kashin shanu, Baffa yana dasawa, hannuna ya kwana biyu yana wari. Baba ya yarda ya bar Inna zuwa kafin marka, ya ce zai dawo ya ga layin da idonsa. Baffa kuma ya ƙara tarko biyu. Da na je sallama na raɗa wa Inna ta bar jemar nan don Allah. Ta ce, "Na ji." Na san irin wannan "na ji" ɗin, ni ma ina yi wa Umma.

A mota na rungumo 'yan tushe da Baffa ya ba ni, duk ramin da muka faɗa sai na duba ko sun karye. Abin da na gane a tafiyar nan shi ne dasawa ba ta fi wuya ba. Kogi yana ci ta gaba, mai ɗakin tana ci ta baya, kuma ita ba ɓarna take nufi ba, ruwa kawai take so ta sha irin wanda ta saba.

Mun iso gida bayan azahar. Na dasa tushen a tsohon bahon wanki, amma na san ba za su yi saiwar kirki kafin marka ba. Na jira Baba ya fita, na sami Umma a madafi tana tankaɗe. Na tsaya a bakin ƙofa har sai da ta ɗago.

"Umma, don Allah ranar kasuwa ki raka ni wajen masu kayan turare mu sayi saiwar jema, mai yawa, mu ba direban Gwaram ya kai wa Inna. Kuma in Baba ya tambaya, ki ce tsaraba ce kawai."