Matar da ta tallata hatsinmu ba ta nuna rumbun kowa ba

Kafin a gama shan koko a gidajen Ƙanƙara, Malama Shafa'atu Gide ta riga ta naɗe tabarmarta. Tsohuwar tabarmar kaba ce, bakinta ɗaya ya fara zarewa. Takan jefa tiya da wayoyi biyu cikin jaka, ta nufi tasha. Yau Mabai, gobe 'Yargoje, ranar kasuwa kuma 'Yankara. Direbobi sun daina tambayarta ina za ta, wanda ke da wuri a gaba shi ke kiranta. Shekara tara ke nan tana wannan zirga-zirga a hanyoyin da maza masu gemu ke bi da addu'a a baki.

Aikinta talla ne, amma a waya. Takan ɗauki hoton hatsin manoma ta sa a Fesbuk da zaurukan Wasap inda masu saye na Zariya da Kano da Ibadan suke, ta bi shi da saƙon murya. Ba ta rantsuwa a kan kaya. In masara ce, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai wayar bakinta ta ciza, ka ji ƙas! Mai gidan kaji da ke Ibadan, wanda bai taɓa taka Katsina ba, da jin wannan ƙara ya san masarar ta bushe. Masu ofis mai sanyi a birni suna kiran irin wannan aiki hulɗa da jama'a, har a ba su lambar yabo. Ita kuwa mai tabarma ake ce mata.

Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne, ka rubuta Faskari ko Sabuwa a waya ka ga abin da zai fito. An kashe, an sace, an ƙone. Ba ƙarya ba ne, mu muka binne mutanen. Amma kai ka ce ba a noma a nan, ba a suna, ba a ɗaurin aure. Malama Shafa'atu ce ta ƙi yarda a san mu da makoki kaɗai. Sai dai in zan yabe ta, dole in faɗi inda ta yi tuntuɓe, don daga nan ne aikinta ya zama abin da ya zama.

A shekararta ta uku da farawa, wani dattijo a 'Yargoje, Malam Mani, ya yi noman da bai taɓa yin irinsa ba. Ita kuma ta ga yadda 'yan birni ke talla, manomi tsaye gaban kayansa yana murmushi, sai ta ce haka za a yi. Dattijon ya noƙe.

"Ɗiyata, mu nan ba a nuna rumbu. Ko ubana bai taɓa hwaɗa ma maƙwabci dami nawa ya samu ba."

"Haba Baba, tsoron kambun baka ne har yanzu? Duniya ta ci gaba hwa."

Da tsokana da lallashi ta shawo kansa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya gaban buhuna, kukar ƙofar gidansa ta fito raɗau a bayansa. Hoton ya yi kyau, ya kuma yaɗu. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mai kiran ya yi masa barka da arziki, ya ce sun ga hoto, sun kuma gane kukar. Malam Mani bai jira ba, ranar ya kwashe iyalinsa zuwa gidan ƙanensa a Ƙanƙara. 'Yan bindigar suka zo ba su tarar da kowa ba, suka ɗebi abin da za su iya, suka cinna wa sauran wuta.

Babu wanda ya mutu, amma dattijo ya rabu da gidansa da gonar da ya gada. Ta je ta durƙusa gabansa tana kuka. Ya amsa gaisuwa, ya kau da kai. Dattawa suka aiko mata cewa kada ta ƙara ɗaga waya a ƙauyukansu. Yayanta Yahuza ya ce ta koma koyarwar da ta bari. Wata biyu ba ta sa hoto ko ɗaya ba, kunya da baƙin ciki suka hana ta ko leƙa tasha. A cikin wata biyun nan dillalai suka sha sharafinsu, farashin da suka ga dama shi suke yanka wa manoma.

Wadda ta tashe ta wata bazawara ce daga Mabai, Adama, mai noman waken suya. Ta yi sallama, ta same ta zaune a tsakar gida, ta kwance bakin mayafinta ta zazzage wake a kan tabarmar da take zaune.

"Malama, ke kika yi kuskure, mu za mu sha hukuncin? Dubi nan. Waken ga na gidan wa ne?"

"Naki ne mana, Yaya Adama."

"Don kin ga na zuba shi ne. Wanda bai gani ba hwa, mi zai gane?"

Malama Shafa'atu ta daɗe tana kallon waken. Daga ranar ta kafa wa kanta doka. Hatsin kowa a kan tabarma ɗaya za a ɗauke shi, cikin tiya ɗaya. Ba fuska, ba suna, ba katanga, ba itace. Ba ta sa hoto sai ta bar ƙauyen, kuma mai saye a cikin gari yake karɓar kaya, ba ya sanin ƙofar gidan kowa. Da ta tsara wannan, ta ɗauki tabarmar ta tafi zauren da dattawan suke zama, ba tare da an kira ta ba. Sha'ibu direba, wanda ya kai ta, ya ce shi kansa gumi ya riƙa yi. Ta gaishe su, ta amsa laifinta, sannan ta ce:

"Iyayena, mutanen nan sun hana mu gonakin nesa, sun hana mu kiwo. Ɗan abin da muka noma kuma mu da kanmu za mu ɓoye shi har ƙwari su cinye? Wallahi ban zamna. In kun ga abin da za a gane gidan wani cikin hoton ga, ku karya wayar."

Wayar ta zaga hannu-hannu. Babu wanda ya gane ko waken ƙauyen wa ne. Ba su ce sun yarda ba, irin na manya, amma ba su ƙara cewa ta bari ba.

Ke ce, Malama, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a ƙasar nan wata da watanni, kowa ya ce talla ta mutu, kika riƙa cika memori da hotuna da murya kina ba direbobi su kai wa ƙanwarki a Zariya ta sa a Fesbuk da Wasap. Amsar masu saye ta dawo a rubuce cikin aljihun direba. Ke ce wani mai neman tallafi daga birni ya roƙe ki hoton rumbun Malam Mani da ya ƙone, ya ce shi zai fi taɓa zuciyar mutane, kika ce masa kin taɓa nuna gidan nan sau ɗaya, ya isa. Kainuwa, ba a shuka ki ba kika tsiro. Yanzu kin koya wa Nana Khadija a Sabuwa da Ummu Salma a Faskari, kowace da tata tabarmar. Da aka fara cewa ido ya matsa miki za ki huta, cewa kika yi, "Wa ya hwaɗa?"

Abu ɗaya ne duk wannan bai goge mata ba. Shekara shida, duk Juma'a sai ta biya ta gaida Malam Mani. Yakan amsa, "Lahiya lau," ya ci gaba da jan carbinsa. Bai taɓa kiran sunanta ba. Ta gaya mini cewa duk yabon da ake yi mata, in ta tuna wannan kau da kai sai ta ji ba ta yi kome ba.

Da zan yi wannan rubutu na je wurinsa, don ban ga dacewar in yabe ta a bayan idonsa ba. Na same shi a 'yar gonar da ya ara a bayan gari, yana ɓare masara. Na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Gidana bai dawo ba," in ji shi. "Kuma ba ya dawowa. Amma da ni ne, da na ɓoye huskata har in mutu. Yarinyar ga ba ta ɓoye ba, kuma ba ta ƙara jawo ma kowa irin abin da ta jawo mini ba. Ina kallo." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. "Ta bushe. Ka ce ma Shafa'atu ta zo Laraba da hantsi, da tabarmarta."

'Yan uwa masu waya a hannu, musamman matasanmu, ga hanya nan an share muku. Ku tallata garinku, ku kuma san abin da ba a nunawa. In kun yi kuskure, ku tsaya ku gyara a gaban waɗanda kuka ɓata wa.

Ke kuma Malama, mun gode, Allah Ya saka miki, Ya tsare ki a kan hanyoyin nan, Ya ƙara wa idonki haske. Ban kira ki na faɗa miki saƙon ba, na fi so ki karanta shi a gaban jama'a. Malam Mani ya kira sunanki. Yana jiran ki ranar Laraba da hantsi.