Yadda Kwamitin Kasuwa Ya Tabbatar Ina Gani

Faɗan da ya jawo dokar ba da sanda aka yi shi ba. Na tabbatar da haka daga bakin waɗanda suka gani, domin shekarun da na yi ina karanta labarai a gidan rediyo sun bar ni da ɗabi'ar tambayar mutum fiye da ɗaya kafin in yarda da zance. Wani mai awon shinkafa ne ya kwaɗa wa wani dillali kwanon awo a goshi, dillalin ya rama da benci. Da kwamitin kasuwarmu ya zauna a kan maganar, sai ya ga ba a iya hana kwano, don da shi ake awo, ba a kuma iya hana benci, don a kansa kwamitin ke zama. Sai aka hana shiga kasuwa da sanda.

Kasuwar ƙarama ce, mako-mako take ci, ba ta kama ƙafar ta Lolo ba. Tana wani gari na ƙasar Bagudo da ke dab da iyaka, har idan ka isa rumfunan masu kifi wayarka kan yi maka maraba da zuwa Benin. Nan na komo da zama bayan na bar aiki, lokacin da hawan jinin ido ya gama da ganina. Ciwon ya ɗauke gani ƙurmus, amma ya bar idanun tas kamar na kowa.

Matata ta riga ta rasu. 'Yata ta fari, wadda ke aure a Birnin Kebbi, ta dage sai na koma wurinta. Mijinta mutumin kirki ne, sai dai duk kirkin suruki ba na son in wayi gari ina tari a tsakar gidansa. Muka yi ta ja, daga baya muka daidaita. Ta sayo mini farar sanda mai naɗewa, da waya mai karanta wa mutum duk abin da ya taɓa. Idan zan iya girki da cefane da kaina, in zauna gidana. Ranar da ta ji ana ja na a hanya, za ta zo da mota, kuma ba sauran magana.

Na koyi sandar da kyau. Ba dogara ta ake yi ba, share ƙasa ake yi da bakinta dama da hagu, ita kuma tana gaya wa hannu abin da ke gaba. Daga ƙofata sai kwalbati, sai katangar masallaci, sai ƙarar injin niƙa, sai yashi mai laushi inda 'yan acaɓa ke tsayawa, sai ƙofar kasuwa. A ciki kuma hanci da kunne sun isa. Na daɗe ina cefanena haka ba wanda ya taɓa mini ko hannun riga.

Ranar da dokar ta fara aiki, ina isa ƙofa sai na ji an riƙe bakin sandar. Shugaban 'yan banga ne, wanda kowa ke kira Kwamanda.

"Malam, aje wagga."

"Kwamanda, ai idona ke nan."

"Ni dai sanda nika gani. An ce ko liman ya zo da tashi, shi aje."

Ya zare ta ya jefa kan tulin sandunan makiyaya, na ji ƙararta daban da ta itace. Da yake mutum ne mai tausayi, sai ya ce shi da kansa zai kai ni. Ya cafki wuyan hannuna ya yi gaba da saurin mai bin ɓarawo, yana ihu, "Hanya! Hanya ga makaho!" Hanyar kuwa daidai faɗin jikinsa ake ba shi, ni abin da ya rage nake samu. Na buga gwiwa da baro, na taka tabarmar mai barkono. A kowace rumfa, mutanen da na saba ciniki da su sai suka koma tambayarsa shi, "Mi yaka so?" Shi kuma yana amsawa ba tare da ya juyo ba. Na koma gida da kabewa, abin da ban taɓa saya ba a rayuwata.

Kafin la'asar waya ta ce 'yata na kira. A garinmu kowa na da lambarta, kuma kowa na ganin lada ne ya sanar da ita halin da nake ciki.

"Baba, an ce an ga ana jan ka a kasuwa."

"Lamari ne na ɗan lokaci," na ce, "kuma ana tuntuɓar waɗanda abin ya shafa."

"Baba, kar ka karanta mini labarai. An ja ka ko ba a ja ka ba?"

Na roƙi alfarma ta ba ni dama in ga kwamiti.

Kwamitin na zama ne a wata rumfar kwano bayan mahauta. Ciyaman tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma da mudu. Na miƙa masa sandar a naɗe. Ya kwance igiyar da ke ɗaure ta, sai ta miƙe da kanta, ƙas ƙas ƙas, na ji benci ya yi ƙara, mutane sun zabura. Wani ya ce ai wannan ta fi ta makiyaya haɗari, tunda ita ba a ganin zuwanta. Aka ɗan yi muhawara. Daga ƙarshe Ciyaman ya ce a bari ya gwada, ya tsula wa ƙwaurinsa.

"Kai, wagga ko akuya ba ta kora," in ji shi. "Fanko ce."

Ban taɓa jin daɗin an raina kayana kamar ranar ba. Aka yanke cewa farar sanda ta makafi ce, tana iya shiga. Mai shela ya zaga gari da sanarwar.

Kasuwa ta gaba, tun daga wurin 'yan acaɓa nake jin warin fenti. Na ɗauka wani ne ke gyaran shago. Sai na ji an gaishe ni da muryar da na sani, wani dattijon makiyayi daga wata ruga ta wajen Zagga, wanda ya daɗe yana sauraron shirye-shiryena, kuma wurin matarsa nake sayen nono. Muka yi musabaha, hannuna ya manne da nasa.

"Mene ne wannan a hannunka?"

"Fenti, Malam. Bai gama bushewa ba." Ya ɗora mini sandarsa a tafi, mai kauri, mai danƙo. "Wani yaron shago ya tsallako da shi daga Benin, kafin hantsi ya ƙare. Waɗanda ba su samu ba farar ƙasa sunka shafa."

"Ashe kai ma ka makance ban ji ba?"

"Malam, kar ka yi mini dariya. Wancan makon da sunka karɓe ta, ban san inda zan aje hannuwana ba. Na je taya saniya na kasa, babu abin jingina. Mutum ba sanda ai tsirara yake."

Ban iya musa masa ba, don abin da na je na gaya wa kwamiti ke nan da wasu kalmomin. Ranar duk muka shiga, makiyaya da tsofaffi masu ciwon gwiwa da masunta da ni. Ba a yi faɗa ba, amma kwamiti ya ji an raina shi.

Sai aka fito da gwaji. Duk mai farar sanda zai tsaya a layi a ƙofa. Kwamanda zai kawo masa tafin hannu fuska ba zato, kamar zai mare shi, ya tsaya dab da ido. Wanda ya ƙifta, yana gani. Wanda bai ƙifta ba, makaho ne, ya wuce da sandarsa.

Abin da kwamitin ya manta shi ne, yawancin mutanen da ke layin sun tsaya a filin sharo da ƙuruciyarsu, an zuba musu bulala a ƙirji a gaban 'yan mata, fuskarsu ko gezau. Tafin hannun Kwamanda ba zai girgiza su ba. Ina tsaye ina jin sakamako yana fita ɗaya bayan ɗaya. "Makaho, wuce. Makaho, wuce." Abokina dattijo ma ya wuce, har Kwamanda na yi masa jaje.

Da aka zo kaina, ban ga komai ba, kamar kullum. Amma na ji iska ta bugo mini fuska, tare da warin taba da albasa. Na ƙifta, har na ja kai baya.

"Shina gani!" in ji Kwamanda. "Wallahi shina gani! Dama na daɗe ina zarginshi. Na sha ganinshi yana latsa waya yana dariya."

Na ce wayar magana take yi mini, na cire abin kunnen na ba shi ya saurara. Sai dai na saba sa muryar da sauri ƙwarai, yadda nake so. Ya saurara kaɗan ya ce shi kukan gyare kawai yake ji. Ya duba fuskar wayar ya ga baƙa ƙirin, don a kashe nake barin haskenta, sai ya ce to ga shi ma na ɓoye abin da nake kallo. Ciyaman ya matso, na ji numfashinsa a fuskata.

"Ido tar, Malam. Ka gode wa Allah."

Na ce zan kawo takardar likita. Ya ce likita na Birnin Kebbi, bai halarci gwajin ba.

Na koma gefe na zauna a kan wani turmi da aka kife. Na san kafin yamma labari zai kai inda zai kai. Na yi tunanin naɗe sandar in sa cikin riga, amma Kwamanda ya riga ya ce ni musamman zai riƙa laluba ni. Ina nan zaune sai dattijon ya dawo.

"Malam, kawo sandarka."

"Ka yi me da ita?"

"Ni an tabbatar da ni. Kuma ba su ce guda nawa makaho ke riƙewa ba. Zan shiga gaba ina buga ƙasa, ka biyo ƙarar. In mun wuce ƙofa ka karɓi abarka."

Haka muka yi. Ya shiga gaba da sanda biyu yana dukan ƙasa da ƙarfi, ni ina bayansa hannu sake, ina bin sautin. Muna wuce inuwar 'yan banga ya miƙo mini. Wani ya yi wa Kwamanda magana, na ji amsarsa sarai: "Ni ƙofa anka ba ni. Ciki ba ruwana."

'Yata ta ji labari iri biyu, ɗaya cewa idon babanta ya buɗe, ɗaya cewa yanzu Bafulatani yake bi. Ba ta kira ba. Ranar kasuwa ta gaba, ina tsaye ina jiran dattijon, sai na ji ƙamshin turarenta da ƙarar rufe ƙofar mota. Ta gaishe ni a taƙaice, ta ce in yi abin da na saba, ita kallo ta zo yi.

Ta kalli shigarmu. Kafin in karɓi sandata har ta isa gaban Kwamanda.

"Kai ne ka ce babana na gani?"

"Hajiya, gwaji ya nuna."

"Wancan kuma da ke duba haƙoran tunkiya, shi ne makahon?"

"Bai ƙifta ba, Hajiya."

Na kira ta na ce ta bar shi, ina da cefane. Ta biyo ni a baya. Na sayi tumatir na mayar da guda biyu da suka yi laushi. Na ƙi manjan farko don ya yi wari. A rumfar kifi, matar da ke sayar mini da busasshe ta gaishe ni da yarensu, "Fofo, Alfa," ta tura mini kwando, na zaɓa da hannuna. Sau ɗaya wani mai baro ya taho a guje, na ji 'yata ta ja numfashi, amma na riga na kauce, ita kuma ta daure ba ta kai mini hannu ba.

Da muka fito, ta tsaya jikin mota.

"Baba, wannan ba tsari ba ne."

"Wa ya riƙe ni?"

"Babu."

"Wa ya ja ni?"

Na ji ta buɗe ƙofar mota. Can ta ce ta share mini ɗaki, har labule ta sa. Na ce Allah ya yi albarka, baƙi ba sa ƙarewa a Birnin Kebbi. Sai ta juya wajen dattijon, wanda na san yana tsaye kusa da mu da ƙafa ɗaya yadda ya saba, ya jingina da sandarsa.

"Baffa, in rani ya yi kuka tsallaka da shanu, wa zai shigar masa da ita?"

"Hajiya, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Rugarmu kaf makafi ne yanzu. Ko na tafi akwai saura."

Ta yi ƙoƙarin kada ta yi dariya, abin ya ƙi. Ta karɓi rabin kifin da na saya, ta ce kada in bari waya ta mutu ba caji, ta shiga mota ita da direba. Na saurari ƙarar har ta hau kwalta, sannan na juya na nemi yashin 'yan acaɓa da bakin sanda.