Kifin da Na Riƙa Sayowa Daga Argungu

Ya ku ma'abota wannan shafi mai alfarma, ina sanar da duniya, cikin cikakken kwarjini, cewa daga yau wandona ya daina zamewa.

Shekara guda ban ce muku uffan ba. Ga dalili.

Zazzaɓi ne ya fara, yana tafiya yana dawowa. Sai gudawa, sai rama. Ni da nake yi wa manya gyara a rubuce, na yanke wa kaina hukuncin ciwon shawara, na sha jiƙo wata uku.

Ranar da matakalar masallaci ta gagare ni na yarda a gwada ni, amma ba a Birnin Kebbi ba, inda kowa ya san fuskata. Na ce wa maiɗakina, Hajara, zan je Argungu sayen kifi.

Ɗigon jini daga yatsa, ba a karɓi ko sisi ba.

Likita ya ce, "Malam, ƙwayar ƙanjamau ce. Sojojin jininka take kashewa, har ƙaramin ciwo ya fi ƙarfinka. Magani zai danne ta. Kana da iyali?"

Na ce masa Hajara na da cikin wata biyar, ba ta fara zuwa awo ba.

"Ka kawo ta gobe. Duk ranar da ka ɓata, jaririn ka cuta."

Ban kawo ta ba. Kwana goma sha tara ina kallon cikin nan, bakina ya ƙi buɗuwa. Magani a aljihun babbar riga. Sau biyu na koma ganin likita, ina dawowa da kifi.

A dawowar ƙarshe Hajara ta tare ni a ƙofa. "Malam, kai da ba ka cin kihi? Mi kaka ɓoye min?"

Na faɗa. Ba ta yi kuka ba. Hijabinta ta ɗauko, muka nufi asibiti.

Ita ma an same ta da ita, ta fara magani a ranar. An haifi 'yarmu, gwajin farko ya fito lafiya. Akwai sauran gwaji a gaba. Har yau in yarinyar ta yi tari, gabana faɗuwa yake.

Godiya ga Allah, ga likitan, ga Hajara da ba ta tafi ba.

Ku gwada kanku. Mai ciki ta je awo da wuri. Ku je wa wanzami da rezarku. Wanda aka same shi da ƙwayar, ya faɗa wa iyalinsa a ranar, kada ya tsallake magani.

A ƙarshe, bisa laifin tsoro, na ci kaina tarar cin kifi kwana goma sha tara. Hajara ce mai sa ido, ta kuma ce har da kan kifin.