Faya-fayen Nasiru da Na Ƙona

Yau shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Nasiru. Ni direbansa ne. Shekara tara na tuƙa shi, kwano ɗaya muke ci in muna kan hanya, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Sunana Sale, daga ƙasar Katsina na zo, a Rigasa nake zaune. Akwai abin da na yi bayan mutuwarsa da ban taɓa faɗa a fili ba. Shi zan faɗa yau.

Mutane da yawa ba su gane aikinsa ba, har 'yan gidansu. Nasiru dillali ne, amma ba na fili ko na shanu ba. Daraktoci masu shirya tallar talabijin yake nema wa aiki a ƙasashen waje. In kamfanin sabulu ko na madara a Yamai, ko Kwatano, ko Akara yana son tallar da za ta shiga ran Bahaushe, shi ake kira. Mutum biyar ne a hannunsa. Ya zaɓi wanda ya dace, ya yi ciniki, ya koma gefe. Sunansa ba ya fita a ko'ina.

Ba ya aika aikin darakta ta intanet. Faifai yake ɗauka ya je da ƙafarsa, ya sa wa mutanen kamfanin, su suna kallon talabijin, shi yana kallon fuskokinsu. Ya ce a nan ake sanin ko ciniki zai faɗa. Wani kamfani a Akara ya taɓa nuna masa tallar shayi da suka yi don Arewa, suna ta yabon kansu. Matar gida ce ta miƙa wa mijinta kofi da hannun hagu. Ba wanda ya lura a cikinsu. Nasiru ya sa aka tsayar da hoton, ya nuna musu, ya ce gobe su nemi wanda ya san hannun da ake ba miji abu. Tun daga nan suka riƙe shi.

Sharaɗinsa ɗaya ne. Asalin faifan kowane aiki a wurinsa zai zauna, don ya ce daraktoci sun iya aiki amma ba su iya ajiya ba. Akwatin ƙarfe ne kore, a ofishinsa na ɗaki ɗaya da ke jikin gidansu a Unguwar Sarki. Kowane faifai da rubutun da ya yi a kai da baƙin alƙalami mai kauri. A lokacin ban iya karatun boko ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba.

Cikin mutum biyar ɗin akwai mace ɗaya, Hajara, kuma ita ta fi su. Ya sha faɗa mini haka a mota. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mata kwamfuta, sai ya zama duk aikinta na shekara shida ba inda ya rage sai cikin akwatin nan. Ana haka mutanen Akara suka zo neman darakta na wata babbar tallar madara. Nasiru ya ba su sunanta. Aka sa ranar da za su zo Abuja su ga aikinta. Saura kwana goma ya yanke jiki ya faɗi a ofis bayan la'asar. A kujerar bayan mota ya cika, kafin mu kai asibiti.

Ranar sadakar uku yayansa Alhaji Lawal ya kira ni gefe. Ma'aikacin gwamnati ne mai ritaya, mutum mai tsoron Allah. Ya buɗe akwatin, ya ga abin da ke ciki, ya rufe bai tsaya dubawa ba. Ya ce kiɗa ne da hotunan mata, duk wanda ya ƙara kallonsu alhakin zai bi ƙanensa kabari. Hawaye yake yi. Ya ce, "Sale, kai ka fi kowa kusa da shi. Ka sauke masa wannan kaya."

Ban yi musu ba. Na ɗauki akwatin na kai wani kango a ƙarshen layin, na juye, na zuba kalanzir, na ƙyasta ashana. Warin roba ya kwana biyu a rigata. Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji. Na ɗauka hidimar ƙarshe ce na yi wa abokina.

Bayan kwana biyu Hajara ta zo. Ta shiga ta yi wa matan gidan gaisuwa, ta fito ta same ni a ƙofar gida, ta tambayi akwatin. Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Sau biyu ta tambaye ni ko duka na ƙona, na ce duka. Ta je Abuja hannu rabbana, ta yi musu bayani da baki. Sun saurare ta, sun ba ta lemo, suka ɗauki wani daga Legas. A sana'ar nan ba a sayen labari, sai abin da ido ya gani. Ba ta ƙara samun aikin waje ba. Sauran huɗun suna da 'yan kwafi a hannunsu, amma ba mai kai su, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Wani lokaci ina tunanin da zai dawo ya ga yanzu, me zai ce. Ofishinsa ya zama shagon cajin waya. Ba wanda ke ɗaukar faifai ya tsallaka ƙasa. Kamfani yana can wata uwa duniya zai duba wa ya fi mabiya a waya, ya tura masa saƙo, shi ke nan. Wasu tallolin ma an ce ba mutane ba ne a ciki, kwamfuta ce ke ƙera fuskokin. A watan jiya na ga wata tallar shayi a wayata. Mace ce da mayafi, tana murmushi, ta miƙa kofi da hannun hagu. Na nuna wa direbobin da muke zama tare. Ɗaya ya ce to sai me. Ina jin da Nasiru yana nan ma, da tuni ya rasa wanda zai kalli fuskarsa.

Da aka zo rabon gado an sayar da motar. Kafin a tafi da ita na kwashe kayana daga aljihun gaba, carbi da tsohon lasisi da faya-fayen wa'azi. Akwai ɗaya da na sa a rediyon mota bai yi magana ba. Na ce ya lalace, na jefa shi cikin leda da sauran.

Shekara huɗu bayan nan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Rigasa, don inda nake tuƙi sun ce sai mai iya karanta takardar kaya. Wata Asabar ina neman wani abu na ci karo da ledar. Na ɗauko faifan, na zauna bakin gado ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya. Hannun Nasiru ne. Ya rubuta: "Amanar Hajara. Na mutanen Akara. A mayar mata."

Ashe ya riga ya ware shi ya sa a mota saboda tafiyar. Ranar da ta tsaya tana tambayata ko duka, motar tana fake a gabanmu, bai fi taku goma ba.

Na je wurin malamin unguwarmu na ba shi labari. Ya ce kayan amana ba na mamaci ba ne, masu shi ake nema kafin a taɓa gado. Ya ce Nasiru ya sauke nasa tunda ya rubuta, nauyin yana kan wanda ya ƙyasta ashana. Ban gaya wa Alhaji Lawal ba. Ya tsufa a lokacin, kuma ya rasu yana ganin alheri ya yi.

Na sami Hajara a Kinkinau, tana sayar da atamfa da mayafai a wani ƙaramin shago. Na miƙa mata da hannu biyu, na faɗi inda ya kwana duk shekarun nan, na roƙi gafara. Ta daɗe tana duban rubutun. Sannan ta ce, "Malam Sale, da me zan kalla? Kuma wa zan nuna wa?" Ta ce ta yafe, amma in tafi da shi, ba ta son ganinsa a shagon. Wata mata ta shigo tana tambayar kuɗin yadi shida, ta juya wurinta.

Shekara takwas ke nan da wannan. Matar Nasiru ta yi aure a Zariya. 'Ya'yansa mata biyu sun girma, in an tambaye su aikin mahaifinsu cewa suke ɗan kasuwa ne. Tallolin da ya kai ƙasa-ƙasa ba mai tuna su, da ma ba sunansa a ciki. Na duba ko'ina, abin da ya rage na Nasiru shi ne ya karɓi amana ya rubuta sunan mai ita, kuma mu biyu ne kawai muka karanta, bayan ta daina amfani.

Allah ya jiƙansa. Faifan yana nan a wurina, cikin ledar. Tawadar ta fara koɗewa. "A mayar mata" ne kawai ke fita sosai yanzu.