Maɓallin da Ya Rufe Shagon Madam

Kafin a san ni da damfara, ni mai buga takardu ne a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Minna, cikin shekarun casa'in. Mahaifina tela ne, bai taɓa cin yadin kowa ba. Ni ma a haka na taso, wallahi.

Mai shagon wata Bagwariya ce 'yar ƙauyen Garatu, Madam muke ce mata. Ta yi aikin tafireta a ofis har ta yi ritaya, sannan ta sayi kwamfuta ɗaya da firinta. Kai, ina kewar shagon nan! Fanka na juyawa, jirgi na kuka daga nesa, mutane sun jeru a benci kowa da takardarsa. Kwamfutar kuwa har zane ake lulluɓa mata kamar jaririya. Da rana Madam ta sayo mana sakwara, tana tsokanata wai yatsuna sun fi bakina hankali.

Doka ɗaya gare ta. Da zarar an buga wa mutum takardarsa, sai a goge ta daga kwamfuta a gaban idonsa. "Sirrin mutane ba ya kwana a shagona," in ji ta. Shi ya sa har kamfanoni da lauyoyi ke kawo mata aiki.

Ita da kanta ta koya min ɗaukar hoton fuskar kwamfuta, don mu shirya wa masu koyon aiki takardar darasi. Wani maɓalli ne can sama ta hannun dama. Ka latsa sau ɗaya, ba ƙara, ba alama, amma duk abin da ke fuskar ya shiga hannunka. Daga baya ka buɗe manhajar zana hoto ta kwamfutar ka manna shi.

Da wasa na fara. Wasiƙar soyayyar wani malamin makaranta na ɗauka kafin in goge, na karanta wa abokai muka sha dariya. Da na ga ba wanda ya gane, sai na ɗauki takardar ɗaukar aiki ta wani kamfanin gina hanya, da tambarinsu da komai. In share sunan mai ita, in sa na wani. Samari daga Paiko suka riƙa sayar da doyarsu suna zuwa wurina, ni kuma ina ba su aikin da babu shi.

Madam kan sa sunan shagonta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan kowace takarda. Kullum sai na yanke shi. Ranar da dubuna ta cika, wutar lantarki ce ke ta wasa, ina sauri na manta.

Da 'yan sanda suka zo, ita suka kama. Ta juyo ta ce min, "Ɗana, rufe shago, kar ka tsorata, kuskure ne." Na rufe shagon na tafi gida. Kwana biyu ta yi a tsare kafin kunya ta ishe ni na kai kaina. Aka yanke min shekara uku.

Da na fito, siminti na tarar ana sayarwa a shagon. Na bi ta har Garatu, na same ta a gona. Na durƙusa ina kuka.

"Tashi," ta ce. "Na yafe maka tun kana ciki. Amma ka sani, bayan an sake ni na ci gaba da buɗe shago. In goge takarda a gaban mutane, sai su ce, Madam, kin tabbata ta gogu? Da na ga sun daina yarda da ni, sai na rufe."

Na tuba, yanzu ɗinki nake yi a kan keken mahaifina. Ku yaran yau da kuke ɗaukar hoton hirar mutane a waya kuna turawa don dariya, don Allah ku bari, daga nan na fara. Abin da aka nuna maka bisa amana, kar ka ajiye shi a ɓoye. Ni shekara uku na yi na fito. Madam kuwa tun da ta rufe shagon ba ta sake taɓa kwamfuta ba har ta rasu.